Idan Ƙafar Zomo Ta Karye

Ɗalibai masu kiwon zomo, ku sani ƙashin zomo ba shi da ƙwari. Nauyin ƙasusuwansa duka bai wuce kashi 8 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, alhali na kyanwa ya kai kashi 13. Ga kuma ƙarfin ƙafafun baya. Shi ya sa idan aka ɗaga shi ta kunne, kamar yadda yara suka saba, yakan yi ta shure-shure har ya karya ƙafa, wani lokaci ma har gadon baya.

Idan haka ta faru, a sa shi cikin ƙaramin akwati da busasshiyar ciyawa, don kada ya yi tsalle. A lura ƙwarai da cinsa, domin zomon da ya wuni bai ci ba hanjinsa kan tsaya, wannan kuwa ya fi karayar saurin kisa. Kada a ɗura masa amoxicillin, yana kashe zomo.

Karayar da ke ƙasa da gwiwa, malamin dabbobi a Jibiya ko Katsina zai iya ɗora ta, ta haɗu cikin mako 6 zuwa 8. Kuɗin bai taka kara ya karya ba: bandeji, maganin zafin ciwo da ladan aiki. Karayar cinya kuwa ɗori ba ya riƙe ta, sai an ɗauki hoto an sa ƙarfe, irin aikin da ake yi a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Kuɗin mota da na aikin daga Kusa sun ninka kuɗin zomon. A ganina, wanda ba shi da hali gara ya yanka shi da wuri da ya bar shi cikin azaba.