Kimiyya a Maƙera: Yadda Ake Haɗa Ƙarfe Biyu a Gatari Ɗaya

Duk manomin da ya je kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi sayen gatari kafin sharar gona, abu biyu yake nema: kaifin da ba ya saurin dakushewa, da ruwan gatarin da ba ya karyewa. Sai dai halayen nan biyu ba su cika zama a ƙarfe ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne sinadarin kabon. Ƙarfen da ke da ƙarancin kabon yana da taushi, yakan lanƙwashe amma ba ya tsagewa. Wanda ke da kabon kamar kashi 0.6 cikin ɗari, irin sifirin mota da maƙeran yau ke amfani da shi a madadin tama, yana da tauri, amma idan aka tsoma shi cikin ruwa da zafinsa sai ya yi gautsi.

Tun da daɗewa maƙeran duniya suka gano mafita, wato haɗa ƙarfen biyu. Gatarin yaƙi da Turawa suka riƙa sayar wa 'yan asalin Amurka a ƙarni na 18 jikinsa ƙarfe ne mai taushi, bakinsa kaɗai ke da mai tauri. Wasu maƙeran sukan wuce nan, su jera fallayen ƙarfen biyu bi-da-bi. Takobin da aka haƙo a Sutton Hoo ta Ingila a 1939, wanda aka binne a ƙarni na 7, da wannan dabara aka ƙera shi.

Ga yadda aikin yake. Maƙeri zai goge fallayen tas, ya ɗaure su, ya tura cikin gawayin ƙirya, yaro na jan zuga-zugi. Idan zafi ya kai kimanin digiri 1,200, ƙarfen ya yi ɗorawa-ɗorawa, sai ya barbaɗa masa yashi mai laushi. Yashin yakan narke ya kwashe tsatsa, ya kuma kare ƙarfen daga iska. Nan take zai ɗauko da awartaki ya hau dukansa da masaba, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Fallayen sai su manne ba tare da sun narke ba.

Daga nan zai miƙar da shi, ya ninke, ya sake haɗawa. Kowane ninki yana ruɓanya fallayen: 7 su zama 14, ninki biyar ya kai su 224. Bayan an fitar da siffar gatari, sai a gasa bakin zuwa kimanin digiri 800, a tsoma a mai, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don rage gautsi. Idan aka goge aka shafa ruwan tsami, mai yawan kabon yakan yi duhu, zane kamar igiyar ruwa ya bayyana.

Malami na iya nuna wannan a aji da yumɓu launi biyu. Ɗalibai su jera shi falle-falle, su danne, su ninke sau uku, su murɗa, su yanka da zare. Sai a tambaye su: fallaye nawa aka samu, kuma me zai faru da zanen idan aka yi ta ninkawa?