Darasin Kimiyya: Furen Teku da Danginsa a Ruwan Sanyi na Arewa

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu nesa da gida, can arewacin duniya inda teku kan daskare da sanyi. Kowa ya ɗauko taswirar duniya ya ajiye kusa, za mu neme ta nan gaba.

A gaɓar tekun Norwe, da Sikotilan, da Alaska, da gabashin Rasha, akwai wata halitta da ke manne da duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya gan ta zai ce fure ce, ga ja, ga fara, ga mai ruwan goro. Turawa na ce mata anemoni, sunan wani fure na ƙasarsu. Mu bari mu kira ta furen teku. Amma fa dabba ce. Jikinta kamar ɗan turmi ne mai taushi, gindi a manne da dutse, baki a sama, hannuwa masu yawa sun kewaye bakin. A jikin hannuwan akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu harbi, kowace da zaren dafi a naɗe a ciki. Ɗan kifi ya gifta ya taɓa, sai harbi, sai a ja shi zuwa baki. Ta bakin nan abinci ke shiga, ta nan kuma saura ke fita. Murjanin da ake yin tsakiya da shi ma danginta ne, sai dai shi murjani yana gina ƙashi mai tauri, ita kuwa ba ta da ƙashi ko kaɗan. Masana sun san iri fiye da 1,000.

To, tambayar da ta daɗe tana wahalar da masana ita ce: a cikin waɗannan iri, wane ne ɗan'uwan wane? Wanda bai ƙware a wannan ba sai ya ba iri biyu suna ɗaya, ko ya ba iri ɗaya suna biyu, kuma duk lissafin da aka ɗora a kai, na inda suke zaune da yawansu, ya rushe ke nan.

Wahalar daga taushin jikin ta samo asali. Dabba mai ƙashi idan ta mutu takan bar alama a dutse, wadda za a tono bayan miliyoyin shekaru. Furen teku kuwa ruɓewa yake yi, da wuya ya bar komai. Idan kuma aka sa shi a kwalba da maganin hana ruɓa, sai ya takure, launinsa ya koɗe. Launin ma ba abin dogaro ba ne, domin iri ɗaya kan fito da launi kala-kala.

Saboda haka masanan da suka gabata sai suka koma yanka da duba ciki. Babbansu shi ne Oskar Carlgren, mutumin Suwidin, wanda ya wallafa tsarinsa a 1949. Shi yakan duba tsokar da ke zuge wuyan dabbar kamar zariyar wando, da tsokokin gindi, da wasu fararen zaruruwa masu dafi da wasu iri kan fesar idan an tsokane su, da kuma siffar ƙwayoyin harbi da tsawonsu. Aiki ne na haƙuri, kuma an yi sama da shekara 60 ana bin tsarin nan.

Ga misali biyu na yadda ido kan yaudari mutum. A gaɓar Ingila akwai wani ja mai suna Actinia equina, da wani mai ɗigo-ɗigo kore da ake ɗauka launi ne kawai ya bambanta su. A 1981 aka gwada sinadaran jikinsu, aka ga iri biyu ne daban, mai ɗigon kuwa sunansa Actinia fragacea. Shi wannan jan, a ce an faɗa, yana da tsawon rai: wani da aka ɗauko daga gaɓar Sikotilan a 1828 ya rayu a hannun masu kiwonsa har 1887. Misali na biyu daga Tekun Fasifik yake. Akwai wani ja mai fararen ɗigo da aka daɗe ana kira Urticina lofotensis, wato an laƙaba masa sunan wani da aka fara samu a tsibiran Lofoten na Norwe. A 2006 wasu masana biyu da ke aiki a Kamcatka ta Rasha, Nadya da Karen Sanamyan, suka nuna ba shi ba ne, ba ma gidansu ɗaya ba. Suka sa masa Cribrinopsis albopunctata.

Yanzu a buɗe taswira. Me ya sa tun farko aka yi tsammanin samun dabbar Norwe a Alaska, alhali nahiya guda ta raba su? Ku duba can sama, inda Rasha da Alaska suka kusa haɗuwa. Wannan ɗan mashigi shi ne Bering, faɗinsa bai wuce kilomita 85 ba, zurfinsa mita 30 zuwa 50. Da can ƙasa ce a wurin. Kimanin shekara miliyan 5 da rabi da suka wuce ruwa ya ɓalle ta nan, Fasifik ya haɗu da tekun ƙanƙara na arewa, shi kuma ya haɗu da Atlantika. Ɗaruruwan irin halittun ruwa suka ratsa, akasarinsu daga Fasifik zuwa Atlantika. Akasarin furen teku ba ya iyo idan ya girma, amma 'ya'yan da yawa daga cikinsu kan yi yawo a ruwa kafin su sami wurin mannewa.

Sai dai ƙofar ba ta zauna a buɗe ba. Duk lokacin da duniya ta shiga zamanin ƙanƙara, ruwan teku kan ja baya har kusan mita 120, sai Bering ya koma tudu. Buɗewa ta ƙarshe ba ta wuce shekara 11,000 ba. Ka ga ke nan dangi sukan haɗu, su rabu, kowane ɓangare ya yi ta canzawa shi kaɗai, su sake haɗuwa. Shi ya sa amsar ba ɗaya ba ce: wani da ke teku biyun iri ɗaya ne, wani kuwa 'yan'uwa ne da suka riga suka zama iri biyu.

Gidan Metridium ya isa misali. Ƙaraminsu, Metridium senile, yana Atlantika yana Fasifik. Idan yana jan gindi a kan dutse yakan bar gutsattsarin jikinsa a baya, kowane gutsure ya zama sabon fure. Babban kuwa, Metridium farcimen, wanda kan kai tsawon mita 1, a Fasifik kaɗai yake, kuma an daɗe ana ɗaukarsa ƙaramin ne ya girma. Jiragen ruwa ma sun ƙara dagula lissafi, domin ƙaramin kan manne musu, har ya kai Afirka ta Kudu da Kudancin Amurka.

A yau da sinadarin gado, wato DNA, ake auna zumunci: iri biyu da suka rabu kwanan nan bambancinsu kaɗan ne, waɗanda suka daɗe da rabuwa bambancinsu da yawa. A nan ma furen teku bai ba da sauƙi ba, don ɓangaren DNA ɗin da aka saba tantance dabbobi da shi yana canzawa a hankali ƙwarai a jikinsa, dole sai an karanta wurare da dama. A 2014 Estefanía Rodríguez ta gidan adana halittu na Niyok da abokan aikinta suka gwada iri fiye da 100, suka sake tsarin Carlgren. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne batun tsokar gindi. Carlgren ya tara duk marasa ita a rukuni ɗaya. Ashe ba dangi ba ne: gidaje daban-daban ne suka koma zama a cikin yashi da laka, inda babu dutsen mannewa, kowane ya rasa tsokar a nasa lokacin. Sana'a ce ta sa su kama, ba jini ba.

Kada kuma ku ɗauka DNA ya rufe magana. A binciken nan na 2014 an cire wata ƙatuwa ta can ƙasan Fasifik, Relicanthus daphneae, mai hannuwa da suka kai mita 2, aka ce ba furen teku ba ce sam. A 2019 wani bincike da ya karanta DNA mai yawa fiye da na farko ya mayar da ita gida, amma aka ba ta ɗakinta daban.

Aikin gida: a taswirarku ku bi da yatsa daga Kamcatka, ta Bering, zuwa tsibiran Lofoten, ku rubuta sunayen tekunan da kuka ratsa.