Yadda ake saƙa ragar roba a cikin ruwa

Da ruwa ake farawa. A zuba shi a tukunyar gilashi mai abin motsawa, a narkar da sabulu na musamman a ciki, sannan a kawo monoma, wato ƙananan ƙwayoyin da za su sarƙu su zama roba, irin su sitirin ko butil akirilet. Waɗannan ba sa jituwa da ruwa, sabulun ne ke riƙe su a warwatse. Kafin a taɓa wuta sai a busa iskar naitirojin cikin tukunyar, domin oksijin na kashe aikin tun bai kankama ba.

Idan zafi ya kai digiri 70, sai a sa mai tayar da aikin, galibi fotasiyam fasalfet. Zafi ya tsinka shi, gutsattsarinsa su cafki monoma, sarƙa ta fara tsawo a cikin ƴan ƙunshin sabulu. Mai lura zai ga gefen tukunyar ya yi shuɗi-shuɗi kafin ruwan ya koma fari fat.

A nan gwaninta take. A tsohuwar hanya, sarƙa kan gama girma ta mutu cikin kamar daƙiƙa guda, wata doguwa, wata guntuwa. A 1998 masanan hukumar CSIRO ta Ostireliya suka bayyana dabarar RAFT: wani sinadari mai sulfa yana kama bakin sarƙa ya kwantar da ita, ya saki wata, haka bi da bi har awoyi, duk su taso kusan kai ɗaya. Matsalarsa, da ƙyar yake ratsa ruwa ya isa inda ake bukatarsa. Shi ya sa wasu ke fara farfasa ɗigon monoma da na'ura, sinadarin yana ciki, wasu kuma su ɗaura shi a jikin gajeriyar sarƙa mai son ruwa.

Sai ɗauri. Ana ƙara ɗan monoma mai hannu biyu, kamar dibainil benzin, ya kama sarƙa nan, ya kama can. A tsohuwar hanya ɗaurin kan cunkushe wuri guda tun da wuri, wani gefen ya zauna sako-sako. Da linzamin RAFT a bakin sarƙoƙin, daskarewa kan jinkirta, idanun ragar su fi daidaita. A ganina, wannan kaɗai ya biya wahalar.

Daga nan a huce, a tace, a auna. Kowane ƙwallon roba da ke yawo a ruwan bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.