Alif da Ruwan Dilimi

A unguwarmu ta Dilimi da ke Jos na fara ganin aikin alif. Da damina ta kankama, kogin Dilimi yakan zo jawur, rijiyoyin da ke bakinsa ma su dame. Sai kakata ta ɗauko ɗan gutsuren alif, ta kaɗa shi cikin randa sau kaɗan, ta cire. Jim kaɗan laka ta kwanta a gindi, ruwa ya yi garau.

To, mene ne sirrin? Ƙwayoyin lakar ƙanana ne ƙwarai, kuma cajin lantarki iri ɗaya suke ɗauke da shi, don haka suke ture juna, ba sa haɗuwa balle su nutse. Shi kuwa alif yana da sinadarin alminiyam, wanda cajinsa kishiyar nasu ne. Da ya narke sai ya karya wannan turjiya, ƙwayoyin su dunƙule, kamar dai yadda madarar waken suya ke yi wajen haɗa awara, su yi nauyi, su kwanta.

Haka ake yi a matatar ruwa ta Laminga, sai dai can da awo ake zubawa, domin in ya yi yawa ruwan kan yi tsami. Daga nan a tace da yashi, a sa kulorin.

Wannan mataki na ƙarshe shi mutanenmu suka fi mantawa. Alif yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe na kwalara ko taifot, ga shi kwatoci da yawa cikin Dilimi suke zuba. Ni dai in laka ta kwanta, nakan tsiyaye na saman a tukunya in tafasa kafin a sha.