Yadda Ƙoda Ke Ginuwa a Cikin Mahaifa

Ku sani, ya jama'ar ƙasar Bichi da Ɗambatta, cewa ƙodar ɗan Adam, da ta rago da sauran dabbobi masu shayarwa, ba ta ginuwa sai bisa wani tadbiri da Allah Maɗaukaki Ya ajiye cikin ƙwayoyin gado, waɗanda kowaccensu take da lokacin da za ta farka ta yi aikinta, da lokacin da za ta yi shiru.

A wajen ɗan Adam, a mako na 5 da samuwar ciki, wani ɗan toho yakan fito a jikin ɗan tayi ya kutsa cikin tsokar da ke maƙwabtaka da shi; tsokar ta aika masa da sinadari bisa umarnin ƙwayar gado mai suna GDNF, shi kuma ya karɓi saƙon ta hanyar wata mai suna RET, sa'an nan ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, ana ƙera 'yan matatan jini a bakin rassan. Hujja kuwa ta tabbata a 1996, yayin da masana suka kashe GDNF a jikin ɓeraye, aka haifi 'ya'yansu ba ƙoda sam.

Mas'alar da ta shafe mu ita ce, matatan nan, waɗanda sukan kai kimanin miliyan 1 a kowace ƙoda, ana rufe ƙirarsu a wajen mako na 36, ba a kuma ƙara ko guda har mutuwa. Saboda haka bakwaini, da jaririn da yunwa ko zazzaɓin cizon sauro suka tauye tun a ciki, sukan fito da naƙasasshen rabo. Likita Barry Brenner na Amurka ya bayyana tun 1988 cewa ƙarancin matatai na jawo hawan jini bayan girma. Wasu masu wannan ƙaranci sai an kai ga wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, abin da amfanin gonar shekara ba ya iya ɗauka.

Ita RET ɗin kuma tana bukatar bitamin A kafin ta yi aiki sosai, alhali ga shi nan cikin zogale da kabewa da manja. Lalle ya wajaba a kan maigida, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, ya fifita mai juna biyu wajen abinci, ya ɗaura mata gidan sauro, ya kuma bar ta ta je awo.