Yadda Ake Fere Tabarya da Injin Juya Katako

Duk wanda ya shiga kasuwar Shuwarin ya ga turame da taɓare jere a gefen masassaƙa. Da gizago da kurfi suke aikinsu, kuma ba a raina shi. To amma injin juya katako yana fitar da ƙaramar tabaryar dakan yaji sumul, babu tudu babu kwari. Da irin wannan inji ne ake fere ƙafafun tebur, har da ƙotar gudumar kuroke, wani wasan Ingila da ake buga ƙwallo ta ratsa ƙofofin ƙarfe.

Aikin yana farawa daga zaɓen itace. Masassaƙanmu sun fi son ƙirya saboda taurinta da nauyinta, ga shi gara ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai ƙirya tana ƙaranci a Jigawa, ga kuma hamada tana matsowa daga arewa, don haka ban yarda ɗalibi ya sare ɗanyen itace saboda darasi ba. A nemi busasshen reshe ko guntun marke. Ɗanyen itace yana da daɗin fira, amma da hunturu ya busa sai ya tsage. Wanda ya riga ya tsage kuwa, ko mai kulli, kada a ɗora shi a inji sam, domin yana iya ballewa ya bugi mutum a fuska.

A yanko guntu mai tsawon santimita 45, kauri santimita 7 ta kowane gefe. A ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane baki. Inda suka haɗu nan ne tsakiya. A sassabe kusurwoyin huɗu ya zama mai gefe takwas, sannan a ɗaure shi tam tsakanin tsinin gaba da na baya. Ƙarfen da kurfi ke hutawa a kai ya matso kusa da itacen, tazarar kamar milimita 3. Kafin a kunna inji, a juya itacen da hannu a tabbata bai gogi komai ba.

A fara da mafi ƙarancin gudu. A dafa kurfin a kan ƙarfen tukuna, sannan a kai bakinsa ga itacen a hankali, ana cire kaɗan-kaɗan har ya zama mulmulalle. Daga nan a siranta tsakiya daidai riƙon hannu, a bar kawunan biyu da kauri. Kullum a yanko daga wuri mai kauri zuwa siriri, in ba haka ba bakin kurfin zai cafke ƙwayar itacen ya yage ta.

Babbar riga, da gyale, da hannun riga mai lilo ba su da wuri a bakin inji, kuma tabaran kare ido wajibi ne. In an zo gogewa da samfefa, a kashe inji a cire ƙarfen nan, kada yatsa ya maƙale. Tun da abinci za a daka, ba a shafa fenti ko banish. Ɗan man kaɗe ya isa.