Tukunyar Taliya da Kwanduna Goma Sha Biyu

Nassosin karatu: Yahaya 6:1-13; Rut 2:14-18; Karin Magana 15:17
Ayar haddacewa: Yahaya 6:12
Manufar darasi: Iyalin mai bi su koyi ciyar da gida da abinci mai gina jiki ko da babu nama, su kuma ɗauki ragowar abinci a matsayin amanar Allah.

Gabatarwa

A Wuse, cikin birnin Abuja, ranar aiki takan fara da sassafe ta ƙare a makare. Maigida yana ofis, uwargida tana wurin aikinta ko shagonta a Kasuwar Wuse, yara suna makaranta, kafin kowa ya dawo gida rana ta faɗi. A irin wannan lokaci ba kowace uwa ce take da sauran ƙarfin tuƙa tuwo ba. Shi ya sa taliya ta sami gindin zama a gidajen birni: cikin minti 10 zuwa 12 ta dahu, yara kuwa ba sa ƙinta.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin cefane ya yi nauyi ƙwarai. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A gidaje da yawa nama ne ya fara fita daga tukunya. Abin takaici kuwa shi ne, a gidan da ake kukan tsada da dare, nan ne kuma da safe akan kwashe taliyar da ta kwana a juye a kwandon shara. Wannan hali ya game duniya. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a shekarar 2022, kashi 60 cikin 100 kuwa daga gidajen mutane ne. Ya kamata mai bi ya tambayi kansa abin da Maganar Allah ta koyar a kan wannan.

1. Ubangiji ya kula da ragowa

Dukan littattafan Bishara huɗu sun ba da labarin ciyar da mutum 5,000, dukansu kuma sun ambaci kwanduna 12 da aka cika da abin da ya ragu. Amma Yahaya kaɗai ne ya rubuta cewa Yesu da kansa ya ba da umarnin a tattara, ya kuma faɗi dalilinsa: ba ya so ko kaɗan ya tafi a banza. Abincin da ake magana a kai gurasar sha'ir ce guda 5 da kifi 2, sha'ir kuwa abincin talakawa ne a ƙasar. Wanda yake da ikon riɓanya gurasa ba shi da tsoron yunwar gobe, duk da haka ya sa almajiransa suka sunkuya suna tsintar abin da mutane suka ci suka bari. In Mai bayarwa bai rena ragowa ba, mai karɓa ba shi da hujjar rena ta.

Rut ma haka ta yi. Sa'ad da Bo'aza ya ba ta abinci a gona, ta ci ta ƙoshi, ta adana sauran, da yamma ta kai wa surukarta Na'omi. Abin da ya ragu a hannun Rut da rana shi ne ya zama abincin daren gwauruwa.

Iyaye da kakanni sun san wannan tarbiyya. Tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ƙanzon tukunya ma akan shanya shi a ajiye don ranar da za a yi kwaɗo. Abin da ake bukata shi ne a kawo wannan hikima ta gida cikin tukunyar taliya ta birni.

2. Abinci marar nama ba abin kunya ba ne

Akwai uwargidan da takan ba baƙo haƙuri don babu nama a kwano, akwai kuma maigidan da yakan ture abinci ya ɓata rai saboda haka. Karin Magana 15:17 ta auna abinci iri biyu, wato ganye a gidan da ake ƙaunar juna, da naman sa mai ƙiba a gidan da ake gaba, ta kuwa fifita na fari. Daniyel da abokansa 3 sun ci kayan lambu sun sha ruwa kwana 10 a Babila, aka same su sun fi masu cin abincin sarki kyan jiki. Dalilinsu shi ne kada su ƙazantar da kansu, amma labarin ya nuna albarkar Allah ba ta rataya a kan nama ba.

Wannan darasi ba ya kafa dokar hana cin nama. Manzo Bulus ya gargaɗi ikkilisiya a Romawa 14 cewa mai cin kome da mai cin ganye kaɗai kada ɗayansu ya rena ko ya hukunta ɗan'uwansa. Abin nufi shi ne iyali su ci abin da Allah ya hore da godiya, kada su ci bashi don kwano ya burge maƙwabta. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

3. Yadda za a haɗa tukunya mai gina jiki

Da alkama ake yin taliya. Tana ba da ƙarfi, amma ita kaɗai da mai da yaji ba ta isa ta gina jikin yaro mai girma ba. Abin da ya gaza a alkama na sinadarin gina jiki, wake yana cika shi, don haka tsohon haɗin nan na taliya da wake yana da tushe mai kyau. Awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da ƙwai su ma suna yin wannan aiki. Ganyaye kamar zogale da alayyahu suna kawo sinadarin ƙara jini, tattasai da tumatir da ruwan lemon tsami kuwa suna taimakon jiki ya karɓe shi. Akwai bitamin B12 wanda ba a samunsa a tsiro, saboda haka gidan da ya daɗe bai ci nama ba ya riƙa sa ƙwai, nono ko madara, musamman domin yara da masu juna biyu.

Ga misalin dafa-duka domin mutum 6. A dafa wake gwangwani 2 har ya yi laushi. A soya albasa a manja ko man gyaɗa, a zuba jajjagen tumatir, tattasai da attarugu, a sa daddawa da gishiri, a bari ya soyu sosai. A tsaida ruwa daidai, in ya tafasa a karya taliya ƙunshi 1 mai nauyin giram 500 a zuba, a bi ta da waken. Karas yana iya shiga tare da taliya, amma kabeji, alayyahu ko zogale sai saura minti 3 a sauke, don kada su narke amfaninsu ya tafi. Daddawa ce take ba romon ɗanɗanon da ake nema a nama.

Hana ɓarna yana farawa ne tun kafin a kunna wuta. Uwargida ta ƙirga bakunan da za su ci, ta auna taliya daidai da su. A zuba wa yaro kaɗan, in bai ƙoshi ba a ƙara masa, gama abin da ya ragu a tukunya yana ajiyuwa, wanda aka jagwalgwala a kwano kuwa ba ya ajiyuwa.

4. Ragowar jiya, abincin yau

Farar taliyar da ta ragu tana zama karin kumallo. A yayyanka ta, a fasa ƙwai 3 ko 4 a kai, a sa albasa da attarugu, a soya a kasko kamar waina, a juya ɗaya gefen har ƙwan ya nuna sarai. Ragowar miyar tumatir ta ranar Lahadi ita ce tushen dafa-dukar Litinin, ba sai an sayi sabon kayan miya ba. Waken da ya ragu ana iya dama shi cikin miya ya ba ta kauri. Kabeji, karas da tattasan da suka fara yaushi a soya su sama-sama da awara a juye a kan taliya. Tumatirin da ya nuna ƙwarai a markaɗa shi a tafasa tun bai ruɓe ba. Yana da kyau iyali su keɓe rana ɗaya a mako, kafin a koma kasuwa, wadda za a dafa abin da yake gida kaɗai.

5. Ajiya tana da ƙa'ida

Tattali ba ya nufin a ciyar da iyali abin da zai kwantar da su. Waɗanda suka ajiye manna ta kwana a jeji ba bisa umarni ba, sun tarar ta yi tsutsa tana wari, kamar yadda Fitowa 16:20 ta nuna. Darasin wurin na biyayya ne, amma yana tuna wa mai karatu cewa ba kowace ajiya ce take da albarka ba.

Dafaffiyar taliya da shinkafa suna iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da masana suke kira Bacillus cereus. Dahuwa ba ta kashe irinta duka, in abincin ya daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta yaɗu ta saki dafi mai sa amai, ɗumamawa kuma ba ta kawar da wannan dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. A zafin Abuja na watannin Maris da Afrilu, gara a rage zuwa awa 1. A juye ragowar a faffaɗar roba mai murfi don ta huce da wuri, a sa a firji, a cinye cikin kwana 2 ko 3. In za a ci, a ɗebi iya bukata a ɗumama har tururi ya ratsa ko'ina, sau ɗaya tak. Idan an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne kawai. Abincin da ya wuce waɗannan ƙa'idodi a zubar da shi ko bai canza wari ba, gama rigakafi ya fi magani. Gidan da ba shi da firji ya dafa iya cin lokaci ɗaya.

6. Rabon maƙwabci

Wani lokaci mafi kyawun ma'ajin ragowa shi ne cikin mai jin yunwa. Maigadin ƙofa, yaron da yake turin baro a kasuwa, ɗalibin da ke zaune shi kaɗai, da gwauruwar da ke cikin ikkilisiya duk suna kusa. A ba su abincin tun yana da zafi, a kwano mai tsabta, da fuska a sake. Abin da mutum ba zai ba ɗansa ba, kada ya ba ɗan wani da sunan kyauta. Zumuntar Mata da masu shirya bukukuwan ikkilisiya su ma su tsara tun da wuri inda abincin da ya ragu zai tafi kafin taro ya watse.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Yesu ya sa a tattara ragowar gurasa, alhali yana da ikon yin wata?
2. Wane abinci ne aka fi zubarwa a gida, mene ne kuma sanadin haka?
3. Ta yaya maigida zai ƙarfafa matarsa a ranar da babu nama a tukunya?
4. Wane ne kusa da gida wanda ya kamata a riƙa tunawa da shi sa'ad da ake rabon abinci?

Abin addu'a

Iyali su gode wa Allah saboda abincin yau. Su roƙi gafara saboda abin da aka zubar cikin sakaci, su roƙi hikima domin masu dafa abinci a gida, su kuma tuna da gidajen da ba a ɗora tukunya ba a wannan rana, cikin sunan Yesu Almasihu.